Tambaya: me ya sa malaman Sin na da suke barin mulki su koma zana duwatsu?

Ɗan Marwa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ina da tambaya ga masana tarihi da waɗanda suka taɓa zama a ƙasar Sin. Ni ɗalibi ne ina koyon Sinanci a nan Marwa, to a darasin al'adu an nuna mana tsoffin zane-zanen Sinawa na shekara 600, 700 har 1000 da suka wuce, kuma abin da na lura kusan duk kama ɗaya suke, baƙar tawada ba launi sosai, manyan duwatsu, hazo, kogi, sai can ƙasa a wani lungu ka ga 'yar bukka ko wani tsoho shi kaɗai cikin kwalekwale yana kamun kifi, ɗan mitsitsi sai ka buɗa hoton da yatsu kafin ka gan shi. Wani zanen ma ba mutum ko ɗaya, rumfa ce kawai wayam a bakin ruwa.

An ce mana da yawa daga masu zanen ba sana'arsu ba ce, malamai ne masu zurfin karatu da suka ajiye aikin sarki suka koma ƙauye ko daji, kuma har yau Sinawa suna ganin girmansu. To ni nan kaina ya ɗaure. Mutum ya kwashe ƙuruciyarsa yana karatu, ya ci jarrabawa, an damƙa masa gari, sai ya ce ya fasa ya tafi gindin dutse yana zane da rubuta waƙa? Mu nan sai mutum ya sha wahalar konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, kafin ya samu matrikil, lambar ma'aikaci ke nan, in ya samu kuwa dangi kaf a wuyansa suke. In duk masu gaskiya suka gudu wa za a bar wa talakawa? Ni dai a ganina kamar tsoro ne ko son kai aka yi wa ado. Ko kuwa wata irin halwa ce ta addininsu? Don Allah wanda ya sani ya warware min.

Malamin Tarihi (Garwa) ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ba tsoro ba ne, aƙalla dai ba ga dukkansu ba, don akwai waɗanda aka sare wa kai a kan wannan ƙin da suka yi.

Sai ka fara sanin matsayin mai ilimi a wancan tsari. A Sin ta da, karatu hanya ɗaya yake nufa, wato aikin sarki. Jarrabawar shiga aikin ta faro tun wajen shekara ta 600 kuma ba a soke ta ba sai 1905, mutum zai haddace littattafan Confucius, babban malamin Sinawa na dā, tun yana yaro, ya koyi rubutu mai kyau da tsara waƙa, duk don ranar da za a naɗa shi. To amma a cikin littattafan nan da suke haddacewa akwai maganar Confucius cewa in ƙasa tana kan hanya ka fito a gan ka, in ta kauce ka ɓuya. Ka ga ke nan duk wanda ya ajiye aiki ya koma gona, ko bai buɗe baki ba kowa ya gane abin da yake faɗa, cewa sarkin zamani ya kauce hanya. Shi ya sa nake cewa wannan tafiya tasu magana ce, kuma da fada ake yin ta.

Wanda suka ɗauka a matsayin uba a wannan hanya shi ne Tao Yuanming, ya rayu daga 365 zuwa 427. A shekarar 405 an ba shi mulkin wata gunduma Pengze, kamar suprefe ke nan a wajenmu, ya yi kwana tamanin da 'yan kai kawai, sai aka ce masa ga mai bincike nan zuwa daga sama, ya sa kayan aiki ya ɗaura ɗamara ya je ya yi gaisuwa. Ya ce shi ba zai rusuna wa wannan mutum saboda awo biyar na shinkafa ba, yana nufin albashinsa, ya ajiye hatimi ya koma garinsu kusa da dutsen Lu ya kama noma, bai sake karɓar aiki ba har ya mutu. Waƙoƙinsa na komawa gida da na furannin da yake tsinka a bakin shingensa su ne masu zane suka yi ta maimaitawa fiye da shekara 1000, in ka ga tsoho da sanda ya doso wata ƙofa yara na tarbarsa, sau da yawa shi ne.

Kafin shi ma akwai wasu malamai bakwai a ƙarni na 3 da ake cewa suna haɗuwa a kurmin gora suna kiɗa da hira, lokacin da gidan Sima ke ƙoƙarin ƙwace sarauta daga gidan Cao. Ɗayansu Ji Kang, abokinsa Shan Tao ya ba da sunansa a ba shi muƙami, shi kuwa sai ya rubuta masa wasiƙar yanke abota. Yana zaune yana ƙira a gindin bishiya wani babban na hannun daman masu mulki ya kawo masa ziyara, ko kallonsa bai yi ba. Ƙarshe an kashe shi a Luoyang wajen 262, ɗalibai 3000 suka roƙa a bar shi aka ƙi, ya nemi a miƙo masa abin kiɗansa ya kaɗa kafin a zartar. A 1960 an tono wani kabari kusa da Nanjing aka samu hoton mutanen nan a jikin tubalan bango, kowa zaune gindin bishiyarsa, yana gidan tarihi na Nanjing yanzu.

Amma zanen da ka gani mai rumfa wayam, wannan na zamanin Mongolawa ne, kuma nan ne abin ya fi taɓa ni. A 1276 rundunar Kublai Khan ta karɓi Hangzhou babban birnin daular Song ta kudu, zuwa 1279 komai ya ƙare. Sabbin masu mulki suka sa mutanen kudu a matakin ƙarshe cikin matakai huɗu na jama'a, jarrabawa kuma ba a sake yin ta ba sai 1315. Ka duba fa, mutane ne da ba su san komai ba sai karatu, an rufe musu ƙofa, wasu kuma ko an buɗe ba za su shiga ba don suna ganin cin amanar tsohon sarkinsu ne. Wani cikinsu Zheng Sixiao yakan zana wata ciyawa mai fure ba tare da ƙasa a gindinta ba, tana reto a sarari, da aka tambaye shi sai ya ce ƙasar ai an ƙwace ta. Zanensa na 1306 yana Osaka a Japan.

Mai rumfar kuwa ina kyautata zaton Ni Zan ne, 1301 zuwa 1374, ɗan gidan masu arziki a Wuxi. Da haraji ya yi yawa kuma tawaye ya ɓarke bayan 1350, sai ya rabu da gidaje da gonaki ya shiga jirgin ruwa da iyalinsa ya yi kusan shekara 20 yana yawo a tafkin Tai da kogunan kewaye. Zanensa kusan kullum tsari ɗaya, 'yan bishiyoyi sirara a gaba, ruwa mai faɗi da bai taɓa shi da alƙalami ba farar takarda ce kawai, sai tuddai can nesa, da busasshiyar tawada kamar yana tsoron ta ƙare. Ana ba da labari an tambaye shi me ya sa ba ya sa mutane, ya ce yanzu akwai mutane ne a duniya? Nemi zanensa na 1372 da ake kira Rongxi, yana Taipei, za ka ga abin da nake nufi.

Alhaji na Kusiri ya amsa:

Malam Allah ya ƙara sani, amma ni ina bayan yaron nan gsky. Duk waɗanda kuka lissafa in aka bincika masu gona ne da bayi da dukiyar gado. Wanda zai iya zama cikin jirgi shekara 20 yana zane ai ba talaka ba ne, wa ke ciyar da shi? Mai abu shi ke iya yin fushi da albashi. Ƙaramin ma'aikaci mai 'ya'ya takwas da uwa tsohuwa in ya ce ba zai rusuna ba yunwa ce za ta rusunar da shi. Kuma manoman da ake tatsa haraji su ina jirgin da za su shiga? An bar su da azzalumai an tafi kallon hazo.

Sannan mu a yankinmu mun san abin da hawa dutse yake nufi, mutanen duwatsun Mandara ba don nishaɗi kakanninsu suka hau can ba, gudun masu kamun bayi ne, ruwa ma sai an sha wahala, gona sai an jera duwatsu an tare ƙasa. Ina zuwa Guangzhou sarin kaya, irin hotunan nan na gan su rataye a ofis ɗin manyan masu kamfani da otal-otal, kuma ba wanda ya bar kujerarsa ya tafi daji a cikinsu.

Malama Ngaundere ta amsa:

Alhaji abin da kuka gani a ofisoshin nan ba sabo ba ne wlh, tun asali haka abin yake, kuma Sinawan da kansu sun riga mu faɗa. Ni a lardin Zhejiang na yi karatu, kuma abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karanta tarihin zanen nan shi ne yawancin masu sayensa da masu rataya shi mutane ne da ke cikin aiki dumu-dumu. Guo Xi, mai zanen fadar sarki ne fa a ƙarni na 11, shi ya yi shahararren zanen farkon bazara na 1072, ya faɗa ƙarara a bayanin da ɗansa ya tattara cewa mutumin kirki yana son daji da ƙorama amma a zamanin zaman lafiya haƙƙin sarki da na iyaye sun ɗaure shi ba zai iya tafiya ba, to amfanin zane shi ne ya kawo masa dajin cikin ɗaki. Tun kafin shi wani Zong Bing da ya rasu a 443, da tsufa ya hana shi hawan duwatsu sai ya zana su a bangon ɗakinsa ya ce zai riƙa yawo a cikinsu yana kwance. Wang Wei ma, mawaƙi kuma mai zane na zamanin daular Tang, da ake yawan kawo gidan gonarsa na Wangchuan, har ya mutu babban ma'aikaci ne, zuwa yake ya huta ya dawo.

Har da 'yan damfara a ciki. A zamanin Tang wani Lu Cangyong ya ci jarrabawa bai samu muƙami ba sai ya tafi ya zauna a dutsen Zhongnan, wanda ke daf da babban birni Chang'an, Xi'an ta yanzu, don labari ya kai fada cewa ga wani mai gudun duniya can, aka kuwa kira shi aka ba shi aiki. Har yau Sinawa suna buga misali da shi in mutum ya bi ta bayan gida ya samu matsayi. A Suzhou kuma akwai lambun da wani ma'aikaci Wang Xianchen ya gina wajen 1509 bayan ya bar aiki, da tafkuna da rumfuna da gadoji a tsakiyar birni, wannan kam ritayar mai kuɗi ce ba wani gudun duniya.

To amma Alhaji kar mu yi musu kuɗin goro. Shi Tao Yuanming da hannunsa ya yi noma, gidansa ya ƙone a 408, yana da 'ya'ya maza biyar, kuma yana da waƙa a kan ranar da yunwa ta kora shi ya je ƙofar wani yana roƙon abinci. Wannan ya biya kuɗin maganarsa.

Ƙanena ɗan Marwa, kai kuma abin da zan ce maka, kallon zanen nan a waya yana rage masa abu mai yawa. Da yawansu ba a yi su don bango ba, doguwar takarda ce a naɗe, mutum biyu ko uku su zauna a tebur a riƙa warwarewa daga dama zuwa hagu kamu-kamu, ana naɗe inda aka wuce, kamar kana tafiya a bakin kogin. Kuma kyauta ake yi wa aboki ba sayarwa a kasuwa ba, mai zanen ya rubuta waƙa a jiki ya buga jan hatiminsa, abokin ya ƙara tasa, wanda ya gada bayan shekara 100 shi ma ya ƙara. Shi ya sa ni ban ɗauke su mutanen da suka yanke hulɗa da jama'a ba, fada suka bari amma junansu suna nan suna aika wa juna saƙo.

Wanda na fi so shi ne na Huang Gongwang. Ƙaramin ma'aikaci ne, wata shari'ar haraji ta maigidansa ta rutsa da shi aka ɗaure shi, da ya fito sai ya shiga ɗariƙar Dao, wani tsohon addinin Sinawa, ya bar neman aiki. Yana dab da shekara 80 ya fara zana kogin Fuchun a 1347, ya ɗauki shekaru yana ƙarawa kaɗan-kaɗan sai ran da ya ji yana so, ya yi rubutu a jiki a 1350 cewa na abokinsa Wuyong ne. Kogin ma ba haka kawai ya zaɓe shi ba, nan ne Yan Ziling ya zauna yana kamun kifi bayan ya ƙi muƙamin da abokin karatunsa sarki Guangwu na daular Han ya ba shi, don haka masuncin da kake gani a kwalekwale ba kifi ne damuwarsa ba. A 1650 wanda ya mallaki zanen a lokacin, Wu Hongyu, yana gargarar mutuwa ya sa a ƙona shi don ya tafi da abinsa, ɗan ɗan'uwansa ya fizge shi daga wuta amma ya riga ya rabu biyu. Guntun, kamar rabin mita, yana gidan tarihi na Zhejiang a Hangzhou, dogon mai fiye da mita 6 yana Taipei, ba a sake haɗa su wuri ɗaya ba sai 2011 da aka baje su tare a Taipei. Sarki Qianlong kuwa wani kwafi ya riƙe a matsayin na gaske ya cika shi da rubutu fiye da sau 50, hakan ya sa na ainihin ya tsira da sararinsa.

Modibbo Gidar ya amsa:

Salamun alaikum. Na karanta duka, Allah ya saka. Ni ba masanin Sin ba ne, zan tsaya kan ɓangaren da yaron ya tambaya ko halwa ce.

A fahimtata ba halwa ba ce. Mai halwa yana keɓewa ne don ya fuskanci Ubangijinsa, kuma yana ɓoye abin, ba ya zana ɗakin halwarsa ya aika wa abokai. Waɗannan kuwa bisa bayanin Malam da Malama, ko sun ba fada baya kunnensu na can. Abin da ya fi kusa da nasu a wajenmu shi ne tsohuwar mas'alar malami da ƙofar sarki, kuma malamanmu sun yi ta tun da daɗewa. Imamu Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci har aka ɗaure shi. Imamu Gazali yana kan ganiyar ɗaukakarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa, sai a 1095 ya ajiye komai ya fita zuwa Sham da Ƙudus, ya yi alkawari ba zai ƙara karɓar kuɗin sarakuna ba. Amma a lura, bayan kimanin shekara 11 ya koma karantarwa a Naisabur, kuma a cikin Ihya ya ware babi guda kan keɓewa inda ya jera amfaninta ya kuma jera illolinta, bai ce kowa ya tafi ba.

Na kusa da mu kuma, Shehu Usmanu da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiyar ba, ya nemi abu biyar a madadinta, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Wannan Alhaji ita ce amsar damuwarku, an ƙi cin na sarki amma ba a bar talaka ba. Sai ƙaninsa Malam Abdullahi, wanda a tsakiyar jihadi wajen 1807 ya ga mutane sun fara karkata ga mulki da tara dukiya, zuciyarsa ta ƙi, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Madina. Da ya iso Kano mutanen gari suka riƙe shi suka ce ya karantar da su, ya zauna ya yi musu tafsiri ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya koma. Duk lokacin da na karanta baitocinsa na wannan lokaci sai jikina ya yi sanyi, don ciwon da Malam ya kwatanta na mutanen Sin shi ne dai a ciki.

Hadisai biyu ne malamai ke aunawa a nan. Akwai wanda ya ce an kusa lokacin da mafi alherin dukiyar Musulmi za ta zama tumakin da zai bi da su kan duwatsu yana gudu da addininsa daga fitina, akwai kuma wanda ya ce muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ba ya cuɗanya. Ni ina tare da na biyu a mafi yawan lokuta, na farko sai in mutum ya tabbata zamansa zai sa a yi zalunci da hannunsa. Zanen duwatsu da ruwa da bishiyoyi kuwa ba wani saɓani a kansa, yaro ya kalla ya ƙaru.

Ɗan Marwa ya sake rubutawa:

Usoko, na gode ƙwarai iyayena, Allah ya bar zumunci. Anti na nemo na Fuchun ɗin na bi shi daga dama kamar yadda kika ce, gsky ya bambanta. Allah gafarta Malam bayaninku ya zauna min. Saura abu ɗaya Baba Malam, a zamanin Mongolawan nan ba a samu wanda ya ce shi zai shiga ya yi aikin don ya rage wa mutanensa zafi ba? In an samu yaya sauran suka ɗauke shi, maci amana ko kuwa? Don ni har yanzu zuciyata ta fi karkata ga wanda ya tsaya a ciki.

Malamin Tarihi (Garwa) ya amsa:

An samu ɗana, kuma ba ƙaramin mutum ba, Zhao Mengfu, 1254 zuwa 1322. Shi jinin gidan sarautar Song ne ma, wato gidan da aka kayar, amma da Kublai ya aiko neman masu ilimi daga kudu a 1286 ya amsa ya tafi arewa, ya yi aiki ƙarƙashin sarakuna da dama har ya kai ƙololuwa. An zarge shi sosai, ana cewa Zheng Sixiao mai ciyawar nan ya daina yarda su haɗu, kuma ƙarnoni bayan mutuwarsa akwai masu kushe rubutun hannunsa wai ba shi da ƙashi saboda mai shi ya rusuna. Shi kansa abin bai bar shi ya huta ba, yana da waƙar da yake zargin kansa kan fitowar da ya yi, matarsa Guan Daosheng wadda ita ma gwanar zanen gora ce ta rubuta waƙoƙin masunci tana kwaɗaita masa su koma kudu. Amma ka san wani abu, salon nan na malamai da ake yabo, shi ya share masa hanya. Huang Gongwang da Malama ta kawo yana kiran kansa ɗalibinsa, wani shahararren mai zane Wang Meng kuma jikansa ne ta wajen uwa. Don haka ni ba na iya raba su gida biyu in ce waɗannan tsarkaka waɗancan masu laifi, kuma nan na ɗan saɓa da Modibbo, don shiga cikin ma ba kullum take tsirar da kowa ba.

Duba Wang Meng ɗin. A 1366 ana tsakiyar yaƙin da ya kawo ƙarshen Mongolawa ya zana duwatsun Qingbian, yana Shanghai yanzu, ka neme shi ka ajiye kusa da na Ni Zan, shi nasa a cushe yake, duwatsu na murɗewa kamar za su rufto, gidan mai keɓewar ya maƙale a wani saƙo da ƙyar ake ganinsa. Da daular Ming ta kafu a 1368, ɗan ƙasa ya karɓi mulki, sai ya fito ya karɓi aiki a Tai'an. A 1380 sarki Zhu Yuanzhang ya kashe babban wazirinsa Hu Weiyong ya shiga farautar duk wanda ya taɓa hulɗa da shi, Wang Meng kuwa ya taɓa zuwa gidan wazirin kallon zane, aka kama shi ya mutu a kurkuku a 1385.

Waɗanda suka ƙi fitowa ma ba su tsira a hannun wannan sarki ba. Mawaƙi Gao Qi na Suzhou ya ƙi babban muƙamin da aka ba shi ya koma gida yana karantar da yara, a 1374 aka samu dalili a wani rubutu da ya yi aka kashe shi. Daga baya sarkin ya sa a cikin dokokinsa cewa duk mai ilimin da ya ƙi yi wa sarki aiki ya yi laifin da za a iya kashe shi a ƙwace dukiyar gidansa. Alhaji in da tafiyar tasu kallon hazo ce kawai da ba a kafa mata doka irin wannan ba.